Mutumin da Ya Ɗaukar Mini Akwati Har Garuruwa Uku

Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, har Makka Allah ya nufe ni na je, amma muddin ina da rai da hankali ba zan manta da tafiyata ta farko zuwa Gwalkwas ba, ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Jikokina sun ji labarin nan har ya gundure su, da na ɗauko shi sai in ga suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce an aike shi, wancan ya ce zai yi alwala. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi, ko banza takarda ba za ta tashi ta bar ni ina magana ba.

Zamanin mulkin En'e ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina ɗinki a kasuwar Kazaure. Mahaifina ya tafi fataucin goro tun ina rarrafe, bai dawo ba. An ce goron ne ya lalace masa a hanya, ya ji kunyar dawowa hannu rabbana, ya ce sai ya farfaɗo, shekara ta bi shekara. Mahaifiyata ta jira iya jira, daga baya alƙali ya raba auren, ta yi wani auren a Babura. Kakata wadda ta haifi mahaifina ita ta raine ni, kuma a duniya ba ni da abokin faɗa kamarta. Ita ta ce mini mijin banza, ni in ce mata tsohuwa mai ƙorafi.

A shekarar nan ganinta ya fara raguwa. Ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma yana bin sawu. Wata safiya na shiga gaishe ta, na tarar ta tsura wa ƙofar gida ido. Ta ce, "Kai mijin banza, an ce ka yi karatun boko, har ka san lokacin da jirgi ke tashi."

Na ce, "An faɗa miki gaskiya."

Ta ce, "To ka je ka kira mini mutumin nan. Idon nan tafiya yake yi. Ina so in gan shi kafin ya ƙarasa."

Yaran yanzu ba za su gane ba, sai na yi bayani. Mahaifina ɗan farinta ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ko uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye in da wanda za a bi ta kansa. Shekara ashirin tana kukan rashinsa a ɓoye, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai mutumin nan. Ranar da ta iya buɗe baki ta ce tana son ganinsa, na san abin ya kai inda ya kai.

Matsalar ita ce ba wanda ya san takamaiman inda yake. Wani tsohon soja ya ce ya taɓa hango shi a Sakondi, bakin teku. Fataken goro suka ce a Kumasi yake, har suna rantsuwa. Wasiƙa ɗaya tak da ya taɓa aikowa kuma daga Ankara ta fito, babban birnin ƙasar. Gari uku ke nan, kuma Allah ya taimake ni jirgin ƙasa ya haɗa su duka. Ni kuwa ban taɓa wuce Kano ba, ban taɓa shiga jirgi ba, ga shi ni kaɗai zan tafi.

Sai dai a lokacin ina ji da kaina. Na yi ajin yaƙi da jahilci, na iya rubutu, ina yawo da fensir a bayan kunne ko ba abin da zan rubuta. Na sayi sabon littafi, na ja masa layuka da sandar awon ɗinki. Sau biyu ina zuwa Kano takanas, wani akawu a tashar jirgi ya ba ni lokutan tashi da sauka, wani dillalin goro da ya san Gwalkwas ya ƙarasa mini sauran. Na zauna na tsara komai. Kazaure zuwa Kano a mota, Kano zuwa Ikko, wato Legas, a jirgin ƙasa, Ikko zuwa Sakondi a jirgin ruwa. Kwana biyu a Sakondi, don ban yarda da maganar sojan nan ba. Kwana biyar a Kumasi, kwana uku a Ankara. Na rubuta tashar da ake sayar da abinci, da wadda jirgi ke daɗewa har mutum ya yi alwala ya yi salla. Sannan na ɗinka wa kaina 'yar ciki mai aljihu bakwai, kowane aljihu da aikinsa, na rubuta abin da ke cikin kowanne a littafin, na sa littafin a aljihu na bakwai. Wallahi a ranar ji nake ko Gwamna bai fi ni tsari ba.

Saura sallama da dangi, don ba a yin doguwar tafiya irin wannan ba a zaga an nemi albarka ba. Na ari keke, na fara da Roni, wurin ƙanin kakana namiji, tsohon madugu wanda ya sha zuwa Gwanja fataucin goro da jakuna a ƙafa. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na buɗe littafi na karanta masa tsarina daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana taunar goro da sauran haƙoran da suka rage masa.

Ya ce, "Tsakanin Kano da Ikko zango nawa jirgin yake yi?"

Na ce, "Baba, ba ya zango. Tsayawa yake kaɗan a tasha, ya sha ruwa ya wuce."

"To yaushe yake hutawa?"

"Ba ya hutawa."

Ya girgiza kai ya ce shi bai yarda da abin hawan da ba ya gajiya ba. Sannan ya matso kusa, ya rage murya, ya ce, "Rubuta wannan, tunda kai sai an rubuta. Ɓarawon hanya ba da wuƙa yake zuwa ba. Na farko, zai ɗaukar maka kaya ba ka roƙe shi ba. Na biyu, zai saya maka abinci. Na uku, duk garin da ka ce za ka, zai ce shi ma can za shi. Na huɗu, ba zai yarda ku haɗa ido ba. Ka ga mai waɗannan huɗun, ka kama akwatinka da hannu biyu." Na rubuta su tsaf, har na ja musu layi a ƙasa. Da na tambaye shi kamannin mahaifina, sai ya ce, "Za ka gane shi mana, ba ubanka ba ne?" Ni ma na ga maganar ta yi ma'ana, na hau kekena.

Daga nan sai Babura, wurin mahaifiyata. To ni ma ɗan farinta ne, don haka kwana ɗaya da na yi a gidan ba ta yi mini magana ko sau ɗaya ba, ƙanwarta take yi wa, ni kuma ina zaune ina ji. "Ki gaya wa wancan ya riƙa rufe kunnensa a jirgi, iska ba ta yi masa." "Ki gaya masa kada ya sha ruwan da bai ga inda aka ɗebo ba." Ta cika mini ƙunshi da dambun nama da ƙuli-ƙuli. Ni kuwa da rashin wayo na ce da ƙanwar tata ta tambayar mini ita yadda kamannin mahaifina suke. Kafin in rufe baki mahaifiyata ta miƙe ta tafi duba awakin da ba abin da ya same su. Ƙanwarta ta dalla mini harara ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Ita za ka tambaya kamannin mijinta na fari?"

A Gwiwa ne na samu mai magana. Goggona, ƙanwar mahaifina, na same ta ranar kasuwa tana sayar da daddawa, kuma ita in ta fara zance sai dai ka nemi wurin zama. Ta ce, "Yayana? Ai ba ya ɓacewa a cikin mutane. Dogo ne siriri kamar karan dawa, gashi baƙi wuluk, in yana tafiya sai ka haɗa da gudu kafin ka cim masa." Na rubuta: dogo, siriri, baƙin gashi, saurin tafiya. Gidanmu ba a tsaga a fuska, don haka babu wata alama bayan wannan. Sunansa na yanka kuwa irin sunan nan ne da in ka kira a kasuwa mutum ashirin za su waiwayo. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, wannan dogon siririn na shekara ashirin da suka wuce ne. Na lissafa mintocin da jirgi ke yi a kowace tasha, amma ban lissafa abin da shekara ashirin ke yi wa mutum ba.

Ranar tafiya na shirya akwatina na ƙarfe, na sa kwaɗo. Kakata ta kira ni ta miƙo mini faifai, irin wanda take saƙawa da hannunta tun idonta na da kyau, mai zanen ja da baƙi, da wani ƙulli da take yi a bayansa wanda ban taɓa ganin wata mace ta yi irinsa ba. Ta ce, "Duk inda ka sauka ka rufe abincinka da shi."

Na ce, "Tsohuwa, akwati ya cika, kuma faifai ba ya cikin tsarina."

Ta ce, "To ka kifa shi a ka, ya fi wannan hular taka kyau."

Don kada ta yi ta mita na ɗaure shi da igiya a saman akwatin, ta waje, ina ta jin kunyar kada mutanen jirgi su ɗauke ni baƙauye.

Daga Kano zuwa Ikko komai ya tafi yadda na rubuta, har ina duba littafi ina gaya wa na kusa da ni sunan tashar da za mu isa. A jirgin ruwa ne dai girman kaina ya sauka, don tun da muka bar gaɓa nake amai, kuma a aljihuna bakwai babu wanda na tanada domin wannan. Na sauka a tashar da ke gab da Sakondi da hantsi, na dire akwati ina neman wanda zan tambaya hanyar zango, wato unguwar Hausawa.

Sai na lura da wani dattijo a gefe, kakkaura, mai tumbi, da sanƙo da furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi. Ba ni yake kallo ba, akwatina yake kallo, kallo kuwa na ƙurilla. Ya matso ya yi sallama ya ce, "Samari, daga Arewa?"

Na ce, "Daga Kazaure."

Ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yar da allura. Can sai kawai ya sunkuci akwatin ya ɗora a ka ya yi gaba. Na ce a raina, alama ta farko. Na bi shi a guje ina riƙe da igiyar akwatin ta baya, har ya kai ni gidan wani mai masauki a zango. Ban gama wanke fuska ba sai ga dattijon da dokunu, tuwon masarar mutanen can, da soyayyen kifi, ya ajiye a gabana ya koma bakin ƙofa ya zauna, ya ba ni rabin baya. Ta biyu da ta huɗu ke nan a zama ɗaya. Na ce lallai tsohon Roni ya san duniya.

Na tambayi mai masaukin ko ya san wani dogo siriri mutumin Kazaure mai suna kaza. Ya ce masu wannan suna a zangon nan sun fi a ƙirga, kuma a can ba a sanin wani Kazaure, duk wanda ya fito daga wajenmu Bakano ne, kowa kuma da laƙabin sana'arsa ake kiransa. Da na ga ba mafita sai na juya ga mai tumbin nan da kansa, na ce ko ɓarawo ne ai ya san gari. Na ce, "Baba, ko ka san wani dogo siriri, baƙin gashi, mai saurin tafiya?"

Ya dubi bango ya ce, "Dogo siriri. An daɗe ba a ga irinsa a nan ba." Sannan ya ce, "Me ake nemansa da shi?"

Na ce, "Ɗansa ne ni. Uwarsa ce ke kira, idonta yana tafiya, tana so ta gan shi kafin ya rufe."

Zumbur ya miƙe ya fita, bai ko ɗauki takalminsa ba. Na ce to, ya tafi ya sanar da abokan sana'arsa an samu baƙo.

Kwana biyun nan na zaga Sakondi ban ga dogo siriri mai amfani ba. Ranar tafiya Kumasi na fita da sassafe ban yi wa kowa sallama ba, don in kuɓuce masa. Ina isa tasha na same shi zaune a kan benci da ɗan ƙunshin kayansa. Ya dubi agogon tasha ya ce, "Ashe samarin nan ma Kumasi za shi." Alama ta uku ta cika. Na ji kamar in fashe da kuka.

Yini guda muka yi a jirgin nan, yana ratsa kurmi, bishiyoyi dogaye har ba ka ganin ƙarshensu, amma ni ban ga komai ba, don a kan akwatina na zauna na rungume shi da ƙafafu. Fitsari ya matse ni tun kafin azahar, na ce ko mutuwa zan yi ba zan tashi ba. Duk tashar da aka tsaya sai ya miƙa hannu ta taga ya sayi ayaba ko gasasshiyar masara, ya ajiye a kusa da ni ya kau da kai. Na ƙi taɓawa don kada ya zama da maganin barci a ciki, sai da na ga ya ci ɗaya bai faɗi ba sannan yunwa ta ci ƙarfina. Da na leƙa da hannu ta taga, sai ya juya wajen wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke zaune kusa da shi, wadda ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji, ya ce mata, "A gaya wa samarin nan ya janye hannunsa, reshe zai buge shi." Matar ta yi masa murmushi ta gyaɗa kai. Da ina da hankali a nan zan gane, don kwana nawa ne da na baro Babura inda aka yi mini magana ta wannan hanyar. Amma ina, ni littafi na ciro na rubuta cewa mutumin nan ƙila yana da taɓin hankali kuma.

A Kumasi na zama abin dariya. Duk dogon mutum siriri da na hango sai in bi shi. A babbar kasuwa na riƙe rigar wani ina cewa Baba, ya juyo ashe Bazabarme ne da bai fi ni da shekara biyar ba, saura kaɗan ya mare ni. Rannan na ɓace a cikin rumfuna, na yi ta zagaye wuri ɗaya har la'asar, sai ga mai tumbin nan ya ɓullo ta gabana, ya kama hanya yana ɗingishi, na bi shi a baya har ƙofar masaukina. Ko godiya ban yi masa ba. Yau in na tuna wannan rashin godiyar, raina ɓaci yake yi.

Da na ga ba zai rabu da ni ba, sai na yi abin da ya fi yi mini ciwo, na karya tsarin littafina da hannuna. Na bar Kumasi kwana ɗaya kafin ranar da na rubuta. Na shiga jirgin Ankara, na leƙa gaba na leƙa baya, babu shi. Jirgi ya yi kuka ya fara motsi, na yi hamdala. Sai na ji mutane suna ihu ta taga. Na leƙa, ga shi nan yana gudu a bakin jirgi, tumbi na gaba ƙafa na ɗingishi, ƙunshi a hammata, hula a hannu. Wasu ƙarti biyu suka kamo shi suka jawo shi ciki. Ya zube a kujerar da ke fuskantar tawa yana haki, gumi har gemu. Da numfashinsa ya dawo sai ya dubi taga ya ce, "Jiragen yanzu sun cika gaggawa."

A Ankara na sauka gidan wata tsohuwa 'yar garin Kanya Babba ta wajenmu, mai sayar da tuwo a zango, wadda dillalin goron Kano ya yi mini kwatancenta. Kwana biyu ina yawo ban samu ko labari ba. A rana ta uku da hantsi na zauna a rumfarta, ta zuba mini tuwo, na rufe shi da faifan kakata na kasa ci. Tsoro ya kama ni sosai. Gari uku sun ƙare, littafi ya ƙare, zan koma in tsaya gaban tsohuwar nan in ce mata ban samo shi ba, ita kuma idonta ba zai jira wata tafiyar ba. Hawaye suka zubo mini.

Mai tuwo ta ce, "Kai yaro, wa ya mutu?"

Na gaya mata komai, na ce damuwata biyu ce, ban ga ubana ba, ga kuma ɓarawo ya biyo ni tun daga Sakondi. Na ciro littafi na karanta mata alamomin nan huɗu. Ta ce ina ɓarawon? Na nuna mata shi, yana zaune a gindin wata bishiya a tsallaken hanya, ya ba mu baya. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Ta ce in tashi tsaye in juya, na juya.

Ta ce, "Tun da kuka haɗu ya taɓa tambayarka sunanka?"

Na ce a'a.

"Ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da kai?"

"A'a."

"Ya ɗauke maka ko allura?"

"Bai samu dama ba ne."

"Kai ɗan fari ne a gidanku?"

Na ce e. Sai matar nan ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, tana dukan cinya. Ta ce, "Kaico! Wannan karatun naka bai yi maka rana ba. Je ka dubi kunnuwansa ta baya, sannan ka shafa naka." Ta ɗaga murya ta ce, "Malam! Taso ka zo nan, ka bar wahalar da yaro haka."

Ya taso yana jan ƙafa, ya durƙusa a bakin rumfa. Ta ɗauke faifan daga kan tuwona ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya bayansa, ya ɗora babban yatsa a kan ƙullin nan. Ya ce da mai tuwo, "Har yanzu haka take ƙulle shi." Hawaye suka gangaro suka shige furfurar gemunsa. Ya ce, "Iya, ki tambaye shi, tana iya tashi da kanta?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Haushi ya zo, kunya ta zo, tausayi ya danne su duka. Mutumin da na tsallaka teku nema shi ne ya tare ni a rana ta farko, ya ɗauki akwatina a kansa, ya bar sana'arsa ya bi ni gari uku da gurguwar ƙafa, ni kuwa ina zaune a kan akwati ina gadin ƙuli-ƙuli kada ubana ya sace. Ina da tambayoyin shekara ashirin a cikina, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu, Baba." Ya dubi tukunyar tuwo ya ce, "Yauwa."

A hanyar dawowa ne na ji labarinsa, shi ma ba ni ya ba wa ba. A jirgin Ikko zuwa Kano ya samu wani mahauci Bazazzagi da bai taɓa gani ba, ya yi ta ba shi labari da ƙarfi yadda zan ji: yadda goron ya ruɓe, yadda buhu ya faɗo masa a ƙafa a bakin teku, yadda kowace shekara yake cewa baɗi. Ya ce da ya ga faifan nan a kan akwati nan take ya gane saƙar uwarsa ce, kuma kullum yakan kwana da niyyar gobe zai faɗa, gari na wayewa sai baki ya ƙi buɗuwa. Ya ce, "Da wane ido zan dubi yaron da na bari yana rarrafe?" Mahaucin dai sai cewa yake Allah ya kyauta, bai san an mayar da shi ɗan aike ba.

Mun shiga Kazaure da la'asar. An gaya mini tun da na tafi kullum sai kakata ta sa an zaunar da ita tana fuskantar ƙofa, in ta ji ƙarar mota ta ce a je a duba. Amma da muka yi sallama ta ji murya biyu, sai ta juya fuskarta ga bango. Ta ce, "Kai mijin banza, ka dawo? Ina faifaina?" Na miƙa mata. Ta ce, "A ba baƙo ruwa."

Shi kuma ya durƙusa can nesa kusa da turmi, kansa a ƙasa. Ta ce in tambaye shi ya hanya. Ya ce in gaya mata lafiya lau. Ni ina tsakiya ina kai gaisuwa ina dawo da ita, tsakanin mutum biyu da ba su fi taku biyar da juna ba. Can sai ta ɗaga faifan kamar mai kare rana, ta karkato kai, ta leƙo ta gefensa da idon nan ɗaya da ya rage. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce da ni, "Ya yi ƙiba." Sannan ta ce, "Ya yi furfura." Muryarta ta karye a kan ta biyun, ta mayar da faifan ta rufe fuska gaba ɗaya.

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe. Mahaifina bai sake barin gari ba, shi yake fito da ita tsakar gida kowace safiya ya mayar da ita ɗaki, har Allah ya karɓi abarsa, kuma har ta rasu ban ji ɗayansu ya kira ɗaya ba.

Littafin nan yana nan a akwatina, da alamomin ɓarawo huɗu da na ja wa layi. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, tsari abu ne mai kyau, amma na tsara hanya na manta da mutumin da zan je nema, kuma abu ɗaya da ya yi mini amfani shi ne wanda na ce ba ya cikin tsarina. Na kuma koyi kada in auna ƙaunar mutum da abin da bakinsa ya faɗa, in dubi abin da yake ɗaukar mini. A lokacin na yi wa kaina alkawari in Allah ya ba ni ɗan fari zan riƙa kiran sunansa gatsau, in huta da wannan wahala. Yau ɗan nawa ya yi furfura, ban kira ba tukuna. Sai dai duk ranar da zai yi tafiya ni nake riƙe masa jaka har tasha, in ce da direba a gaya wa mutumin nan ya janye hannunsa daga taga.